Ya ci jarrabawar mita 100, allon mita 300 ya ce da sauransa

Abin nan a ƙasar Norwe ya faru kuma a gabana akai kusan komai, don ni ne mai riƙe ɗan littafin da ake rubuta sakamakon harbin. Wani abokin aikina ne ɗan ƙasar ya samu katin farautar barewar dutse, wadda su suke kira villrein, a tudun Hardangervidda. Dabba ce da ta fi barewarmu girma nesa ba kusa ba, ƙahonta mai rassa ne kamar busasshen itace, kuma macen ma tana da ƙaho ba namijin kaɗai ba. Shi mutumin nawa ya yi shekaru yana farauta amma a cikin kurmi, inda dabba ke fitowa a mita 50 ko 60, bai taɓa hawa tudu farauta ba sai wannan karon.

Toh shi Hardangervidda ba daji bane irin wanda ka sani. Shimfiɗaɗɗen tudu ne mai faɗin gaske a kudancin ƙasar, mafi yawansa ya haura mita 1000 sama da teku, babu bishiya, daga duwatsu sai gajeriyar ciyawa sai tafkuna, sai kuma iska wadda bata hutawa. Tun 1981 suka mai da babban ɓangarensa gandun ƙasa, kuma a nan garken wannan barewa mafi girma a Turai yake. Lokacin farautar gajere ne, ana buɗewa 20 ga Agusta a rufe a ƙarshen Satumba, kuma katin da za a baka yana faɗin irin dabbar da zaka harba, ko ɗan maraƙi ko mace ko kuma wadda ka ga dama. Matsalar wajen ita ce kana iya hango garke daga kilomita biyu, su ma suna iya hango ka, babu abin da zaka laɓe a bayansa sai dutse da kwari, shi yasa zuciya ke raya wa mutum ya harba daga nesa kawai ya huta.

A Norwe baka isa ka ɗauki bindiga ka bi babbar dabba haka kawai ba. Bayan kwas ɗin mafarauta na awa 30 da jarrabawar rubutu wanda sau ɗaya ake yi a rayuwa, akwai kuma jarrabawar harbi da ake sabuntawa duk shekara. Da farko sai ka yi harbin atisaye 30 a filin harbi, kuma ba a rana ɗaya ba, dole ka raba su aƙalla kwana biyu, a sa maka hannu. Sannan ranar jarrabawa a kafa maka hoton barewar a nisan mita 100 ka yi harbi 5 da irin harsashin da aka yarda a yi farauta dashi, kuma duka biyar ɗin sai sun shiga cikin wata da'ira mai faɗin santimita 30 a wajen ƙirji inda huhu da zuciya suke. Ɗaya ya fita ka faɗi. Kuma kowace bindiga da zaka fita da ita sai ka yi mata nata. Ni wallahi tsarin ya burge ni, don dokarsu ta namun daji ta 1981 ƙarara ta ce a yi farauta ta yadda dabba bazata sha wahalar da babu dalili ba, kuma basu tsaya a rubutu ba sai da suka ce zo ka nuna mana ka iya.

Bindigarsa irin mai sakata ce, ka harba ka ja sakatar ka tura wani, kuma harsashinta shi ne 6.5x55 wanda Norwe da Suwidin suka haɗu suka ƙirƙira wa sojojinsu tun shekarun 1890, har yau kuma mafarautan yankin basu rabu dashi ba. Kan harsashin da yake amfani dashi giram 9 ne da ɗan ɗoriya, yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 800 a sakan ɗaya. Akwai madubin hangen nesa a sama, akwai salansa mai rage ƙarar harbi a baki, don a can salansa ba abin ɓoyo bane, mafarauta da yawa suna sawa saboda kunnensu.

A watan Yuni ya yi jarrabawar, rub da ciki, maɗaurin bindigar a naɗe a hannunsa na hagu. Duka biyar suka shiga. Filin nasu na zamani ne, allon na lantarki ne, kana harbawa ɗigon zai fito a sikirin ɗin da ke gefenka da ma'auninsa, sai na rubuta cewa tsakanin harbi biyun da suka fi nisa da juna akwai santimita 22. An sa hannu an buga hatimi, mutumina sai murna yake yana cewa shi kenan an gama sai tudu.

Akwai wani dattijo da ke kula da filin ran nan, irin tsofaffin nan na ƙungiyar maharban sa kai ta ƙasar wadda aka kafa tun 1893, kusan kowane gari zaka samu reshenta da filin harbinta. Ya ji ana maganar Hardangervidda sai ya matso ya tambaye shi, a wane nisa kake shirin harbi a can? Mutumina yace in ta kama har mita 300 zai iya, ai bindigar tana kaiwa. Dattijon bai yi musu dashi ba ko kaɗan, cewa kawai ya yi layin mita 300 babu kowa a kai yanzu, ka kwanta ka bamu biyar mu gani.

Ya kwanta. Ya san harsashi na sauka in tafiya ta yi nisa don haka ya ɗan ɗaga saitin sama da tsakiya yadda yake ganin ya isa, ya saki biyar. Huɗu suka fito a sikirin, duka a ƙasa kuma sun karkata dama, tsakaninsu akwai wajen santimita 60, na biyar kuwa ko alamarsa bamu gani ba. Da barewa ce a tsaye a wajen, ɗaya zai karya mata ƙafar gaba, ɗaya zai fasa tumbi, sauran su bi ta ƙarƙashin ciki. Babu ko ɗaya a cikin da'irar. Shiru ya yi na ɗan lokaci yana kallon sikirin ɗin, bindiga ɗaya, harsashi ɗaya, mutum ɗaya, minti goma da suka wuce ya ci jarrabawa.

Abu na farko da dattijon ya sa na lissafa a littafin mai sauƙi ne amma mutane basa son jinsa. Kuskuren hannu da nisa yake girma. In hannunka ya warwatsa harbi santimita 22 a mita 100, to a mita 200 zai zama 44, a mita 300 kuma 66, tun ma kafin a sa iska da saukar harsashi a lissafi. Kaga kenan ita jarrabawar bata ce ka iya harbin nesa ba, abin da ta ce kawai shi ne a mita 100 kana iya samun ƙirjin dabbar da ke tsaye. Wanda yake son ya samu wannan da'irar a mita 300 sai harbinsa na mita 100 ya taru a ƙasa da santimita 10, kuma a irin kwanciyar da zai yi a kan tudu, ba a kan tebur da buhun yashi ba.

Sai maganar sauka. Harsashi tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa ke jansa, kamar dai dutsen da ka jefa, gudu ne kawai ya bambanta su. Bindigar da aka daidaita madubinta a mita 100 da irin wannan harsashin, a mita 200 zai sauka wajen santimita 13, wannan da sauƙi har yanzu kana cikin ƙirji. A mita 300 saukar ta kusa rabin mita. A mita 400 ta wuce mita guda. Ba a hankali yake sauka daidai wa daida ba, kullum saukar ƙaruwa take don jan ƙasa na ƙara masa saurin faɗuwa kuma gudunsa na raguwa, shi yasa ɗagawar da mutumina ya yi da ka bata isa ba, shi a ransa kamar tafin hannu biyu ne alhali abin ya kusa kamu ɗaya. Madubinsa irin na Turai ne, duk ƙas ɗaya da ka murɗa yana matsar da harbi santimita 1 a mita 100, wato 3 a mita 300, don haka wajen ƙas 16 yake buƙata ya murɗa sama. Bai taɓa murɗa shi ba tunda aka ɗaura.

Wannan duk lissafi ne kuma ana koyonsa a mako ɗaya, in ka san nisan. Rashin sanin nisan ne bala'in. A wajen mita 300 duk mita ɗaya da ka yi kuskure kusan rabin santimita ne a kan allo, ka ce 300 ashe 330 ne, harsashinka ya sauka santimita 15 ƙasa da inda ka nufa, kuma 15 ɗin nan ita ce daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta cif. A fili fetal mara bishiya ido yana ƙarya sosai. Mun gwada, muna tafiya dattijon zai nuna dutse yace nawa, mu faɗa, sannan a auna da na'urar auna nisa mai hasken lesa, kuma sau da yawa muna kaucewa da mita 40 ko 50. A makon nan ya sayi na'urar.

Ita iska kuwa ita ce ta fi cin lokacinmu, kuma a ganina ita ce ke raba mai harbin allo da mai harbin gaskiya. Nisa na'ura zata faɗa maka, sauka takarda zata faɗa maka ka manna a gindin bindiga, amma iska babu mai faɗa maka sai idonka da fatarka. Iska mai gudun mita 5 a sakan, irin wadda zata kaɗa tuta ta ɗaga maka gefen riga ba wata guguwa ba, in ta bugo daga gefe tana ture wannan harsashin kamar santimita 2 ko 3 a mita 100, baka ma lura. A mita 200 ya zama wajen 10. A mita 300 ya haura 20. Ka ninka nisa sau uku, turewar ta ninka kusan sau tara. Kuma iskar da ke kaɗawa a inda kake kwance ba lallai ita ke kaɗawa a tsakiyar hanya ba, balle in akwai kwari a tsakaninku, tana iya lafawa tana iya tasowa a cikin daƙiƙar da yatsanka ke kan kunama. A fili akwai tutoci a jere suna nuna maka, a kan tudu sai dai ka karanta kan ciyawa da fuskar ruwan tafki. Dattijon har hana shi zuwa yake in rana ta yi lumui, yace ka bari sai ranar da iska ta tashi ka zo, ita ka zo koya.

Akwai kuma laifin ita kanta bindigar farauta, in ma laifi ne. An yi ta ne don a saɓa a yini ana tafiya, don haka bututunta siriri ne mara nauyi, ka yi harbi huɗu biyar a jere ya ɗau zafi sai harbin ya fara yawo, ga zafin salansa na tashi a gaban madubi yana yin kawalwalniya allon na rawa. 'Yan gasa nasu bututun mai kauri ne, suna iya zuba ashirin ba komai. Sai muka koma harbi uku a huta, a bar sakata a buɗe ta sha iska. Kuma a littafin na ware shafi guda na harbin farko kawai, wanda ake yi da bindiga mai sanyi da safe, tunda a kan tudu shi kaɗai ne za a tambaye ka.

Wani abu da shi kansa bai san yana yi ba, dattijon ne ya kama shi. Ya karɓi bindigar ya juya baya ya loda masa, a ciki ya sa harsashin wasa mara albarushi, da aka zo kansa kunama ta yi ƙas babu ƙara amma sai muka ga bakin bindigar ya yi ƙasa, idonsa a rufe. Jikinsa na tsoron naushin bindigar tun kafin ya zo, yana tura kafaɗa ya tare shi. Maganin bashi da tsada, kullum da yamma a gida ya tabbatar babu harsashi a ciki ko kusa, ya kwanta a falo ya ja kunama sau ashirin ko talatin yana kallon saitin kar ya motsa, a fili kuma ya yawaita harbi da ƙaramar bindiga .22 wadda bata naushi kuma harsashinta na da arha.

Haka muka yi wajen mako bakwai, sau biyu a mako. Ya bar tebur kwata-kwata ya koma ɗora bindiga a kan jakar goyonsa tunda da ita zai hau tudu, ya koyi harbi a zaune gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa don wani wajen ciyawa ko dutse zai tare ka in ka kwanta. Sai kuma gwajin da dattijon ya fi yarda dashi, a manna farantin takarda mai faɗin santimita 20, ya goya jaka ya haura gangaren da ke bayan fili da sauri ya dawo yana haki, ya faɗi ƙasa ya yi harbi ɗaya tak. Ba biyu ba. A mita 100 goma cikin goma. A mita 200 ma goma cikin goma bayan makonnin farko, har a ranar iska. A mita 300 in babu iska yana samun takwas ko tara, ranar da iska ke kaɗawa kuwa da ƙyar yake wuce rabi. Ya ci gaba da harbin 300 har ƙarshe saboda shi ne ke fito da duk wani ɗan kuskuren da 100 ke ɓoyewa, kuma tun da ya saba dashi sai 200 ta zame masa kamar a tafin hannu, amma a murfin littafin da hannunsa ya rubuta 200, yace ko taku ɗaya bazai ƙara a kan dabba ba.

Ni abin da ya sa wannan ya zauna mun a rai, mu a addini an hana a mai da abu mai rai abin koyon harbi, hadisin na cikin Muslim, haka ma wanda ya ce in za ku yi kisa ku kyautata kisan in za ku yi yanka ku kyautata yankan. Mutumin da ya harbi dabba a nisan da bai taɓa gwadawa a kan takarda ba, ai da ita yake koyo ko ya yarda ko bai yarda ba. Kuma na tuna mafarautanmu masu harba-ruga, bindigarsu bata da madubi bata kai nisa, shi yasa gwanintarsu duka a sanɗa take, bin iska da rarrafe har sai an matso. Ita bindigar zamani sai ta sa mutum ya ga kamar an yafe masa wannan wahalar.

Kuma akwai abin da allo bazai taɓa koya maka ba, allo baya tafiya. Harsashin nan kafin ya kai mita 300 yana cin kusan kashi huɗu cikin goma na sakan, barewa in ta ɗaga ƙafa tana tafiyar kiwo kawai a wannan ɗan lokacin ta matsa santimita 30 ko 40, ka nufi huhu ka samu hanji. Gashi a garke suke tafiya a cunkushe, harsashi yana iya ratsa ta farko ya samu wadda ke bayanta, don haka sai ka jira wadda kake so ta ware ita kaɗai kuma akwai tudu a bayanta da zai tare harsashin. In ka ji wa dabba rauni dokarsu ta ɗora maka nemanta, baka da damar harbin wata kana cikin neman, kuma barewar da aka fasa wa ciki tana iya bin garke ta yi nisan da bazaka ƙara ganinta ba.

Na bi shi tudun a makon farko na buɗewa, ba bindiga a hannuna sai jaka. Rana ta biyu da hantsi muka hango garke, muka zagaya ta yadda iska na bugun fuskarmu don kar su ji warinmu, muka yi rarrafe a cikin ciyawa mai ruwa ya fi awa ɗaya har muka kai wani dutse wanda daga shi babu sauran mafaka. Ya auna, mita 280. Iska na bugowa daga hagu tana lafawa tana tasowa. Akwai mace ɗaya da ta ware gefe ta tsaya a karkace kamar an zana ta, irin wadda katinsa ya bashi. Na ga ya ɗora bindigar a kan jaka ya kalle ta ta madubi ya daɗe, numfashinsa har ina ji, sannan ya janye yatsa ya kifa goshinsa a kan gindin bindigar. Bayan kamar minti ashirin garken ya miƙe ya bi iska ya haye tudu. Ranar bai yi magana sosai ba, hutunsa saura kwana biyu kuma kuɗin kati da na hanya ba kaɗan bane, kuma babu tabbas za mu ƙara ganinsu.

Washegari bamu ga komai ba sai hazo. Rana ta ƙarshe da yamma wani ƙaramin garke ya gangaro ta wani kwari, wannan karon ƙasar ta taimaka mana akwai rafi mai zurfin gaɓa da muka bi a sunkuye. Mita 160. Ya jira har wata ta fita daga cikin 'yan uwanta gangaren na bayanta, harbi ɗaya, ta yi taku kamar goma ta faɗi. Da muka feɗe harsashin ya ratsa huhu biyu, ɗan yatsa uku daga inda yace ya nufa. Ya yanki katin ya cike yadda doka ta ce, muka raba naman a jaka biyu muka kama hanyar mota, tafiyar awa huɗu ce kuma duhu ya same mu a hanya.